Ranar da Motar Kiyari Ta Kafe

Ku samarin da ke zama a fada bakin tashar manyan motoci, ina jin ku fa. Kuna cewa rubuta awannin tuƙi ba aiki ba ne, ka soka kati a na'ura, ka danna, biro, wato ofishin kamfani, su gani daga Agadas, shi ke nan. Jiya ma wani cikinku ya ce mini, "Baba Illa, ai wannan ko da ido rufe sai in yi." To madalla. Shekara talatin da huɗu na yi riƙe da bolan, wato sitiyari, Ingal, Fashi, Jado, babu inda ban taka ba, kuma ban ga abin da ya kai wannan ɗan rubutun wuya ba. Zan gaya muku dalili, amma sai kun bar ni na faro daga tushe, don ni ban iya gajeren labari ba.

Tafiyata ta farko gero muka kai Ingal. Ina aparanti a wurin wani Ba'abzine, Maigida Agali, mai wata tsohuwar kamyo da sai an tura take tashi. Agali bai san karatu ba, agogo ma bai taɓa ɗaurawa ba. In inuwar mota ta shige ƙarƙashinta sai ya tsaya, ko ana sauri ko ba a yi. Ya sauko da murhun gawayi, ya dafa shayi finjali uku, na fari mai ɗaci, na biyu, na uku, ba ya tsallake ko ɗaya. Da ya fara ba ni bolan, lokaci-lokaci sai ya ce, "Dube ni." In ya ga idona ya yi ja, sai ya ce in sauka, babu gardama. Da ya gane na iya ajami, don mahaifina ya koya mini tun a gida, sai ya sayo mini littafin ƴan lakkol, wato ƴan makaranta, ya ce in riƙa rubuta masa hanya: inda rairayi ke da laushi, inda rijiya take, lokacin da muka tashi da lokacin da muka sauka, duk da lissafin salloli. Agali ya rasu tuntuni, Allah ya jiƙansa, amma ɗan littafin bai taɓa barin aljihuna ba. In ya cika sai in sayi wani.

Ranar da na samu aiki a wani kamfanin jigila nan Agadas, aka miƙo mini makullin kamyo mai ƙafa goma. Kai, ranar ban ci abinci ba don murna! Na zagaya ta ya fi sau biyar ina shafa ta. Bayan bolan akwai wani agogo mai buɗewa da ɗan makulli, ciki ake sa faifan takarda kewayayye, mai santsi kamar an shafa masa kakin zuma. Wata allura ce ke zane a kansa muddin yini. Sunansa mushar, wato ɗan tsegumi, kuma wallahi sunan ya bi jiki. In ka yi gudu ya faɗa, in ka tsaya ya faɗa. Da na ciro faifan farko na ɗaga shi a rana, sai ga tafiyata duka a tafin hannuna, har inda na tsaya sayen kilishi. Na yi ta dariya ni kaɗai, masu gyara suka zaci na taɓu.

A gefen agogon akwai ɗan maɓalli mai hoto uku: bolan, guduma biyu a gicciye, da gado. Bolan shi ne tuƙi, kuma mushar da kansa yake rubuta shi da zarar mota ta motsa. Amma in ta tsaya, bai san abin da kake yi ba, kai za ka gaya masa. Kana ɗora kaya ko gyara, ka juya kan guduma. Kana hutawa, ka juya kan gado. Sannan ka ɗauki bik ka rubuta daidai da haka a karne, littafin da ake miƙa wa biro in an dawo. Dokar kamfani ita ce, awa huɗu da rabi kan bolan sai hutun minti arba'in da biyar, kuma tuƙi da sauran aiki in an haɗa su kada su wuce awa goma a yini. Na auna shayin Agali da agogo, finjali uku, minti arba'in da biyar cif. Mutumin da bai taɓa riƙe bik ba ya riga masu dokar sani.

Shekarun da zinariya ta fito a Jado, ruwa muke kaiwa cikin tano-tano, wato manyan ganguna, da shinkafa da man injin haƙa. Wannan lokaci ya yi daɗi! Mutanen Maraɗi, na Damagaram, na Katsina, kowa na jiran ka kamar ango. Sai dai masu kaya ba su san wani abu wai shi hutu ba. Na tsaya shayi wata rana, wani mai kaya ya zo yana kumfar baki, ya ce, "Haba shofer, takarda ce za ta tsai da ƙato kamarka?" Na ce, "Alhaji, zamna ka sha na biyu, shi ya hi zaƙi. Kayanka na son isa, ni ma ɗiyana na son in koma." Ya sha har na uku, ya kuma nemi ƙari.

Mai karɓar faifai da karne a biro wata Bazabarma ce daga Yamai, Madam Hamsatu. Tana da wani gilashi mai ƙara girman abu, da shi take bin zanen allura layi-layi, ba ta gajiya. Kowa na shakkar ta ban da ni. Ni Bagobiri ne, ga zane nan a kumatuna, kun kuwa san tsakaninmu da Zabarmawa sai wasa. In na shiga sai ta ce, "Ga bawana ya dawo, kawo ƙaryarka in gani." In ce, "Karɓi, amma a wanke hannu tukuna, takardar manya ce." Duk da wasan, minti goma ba ta taɓa yafe mini ba.

Sai dai akwai abu ɗaya da babu matuƙin hamadar Tenere da ke rubutawa, shi ne kafewa. Kowa na kafewa a rairayi, amma a bakin tasha babu wanda ya taɓa. Abin kunya ne a wurinmu, ana ɗaukar ka ba ka san ƙasa ba. In labari ya fita, da safe za ka tarar an jingine maka felu, wato shebur na tonon rairayi, kusa da tabarmarka, kyauta daga abokai, kuma za a yi wata guda ana tambayar ka lafiyar bayanka. Saboda haka in ka kafe, maɓalli na kan gado, a karne ka rubuta repo, wato hutu. Ka rufa wa kanka asiri, ka kuma samu awannin ci gaba da tafiya. Mushar yana ganin mota tsaye, ya ɗauka kana barci, alhali kana can ƙarƙashinta kana tonon rairayi. Dukanmu haka muke yi, ni ma haka.

A cikinmu akwai mutum ɗaya da ake cewa shi kam da gaske bai taɓa kafewa ba, Kiyari, Babarbare daga wajen Bilma. Ya girme ni da shekara biyar. Daga launin rairayi yake gane mai ɗaukar mota da mai cin ta. Ba ya shan taba, goro ma ba ya ci, dabino kawai yake tauna yana jan carbi. Shekara ashirin da wani abu ba a taɓa jingine masa felu ba, kuma yana ji da wannan suna fiye da yadda yake ji da motarsa. Abokina ne na ƙut da ƙut, ayari ɗaya ake sa mu.

Muguwar shekara ita ce wadda aka rufe haƙa a Jado. Motoci suka yi layi a garaji, matuƙa na zaune suna kirga ƙudaje. Wanda aka sallama a wannan shekara ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Cikin haka muka samu aiki, ni da Kiyari, mu kai siminti da ƙarafa Fashi mu dawo da gishiri da dabino. Kamfani ba ya yarda a ɗauki aparanti ko fasinja, saboda haka mu biyu ne rak, kowa da motarsa, ga bazara ta kai maƙura.

A dawowa muka tashi bayan sallar asuba, Kiyari na gaba ina bin sawunsa. Da hantsi, wajen ƙarfe takwas, sai na ga bayan motarsa ya nutse kamar raƙumi zai durƙusa. Ta yi gurnani, ta watsa rairayi, ta zauna. Na taka birki can nesa kan ƙasa mai tauri, na sauko a guje ina ihu, "Kiyari ya kahe! Jama'a ku zo ku gani, Kiyari ya kahe!" Babu kowa a wurin sai ni da shi da rana, amma sai da na yi rawa. Ya leƙo ta taga ya ce, "Illa, in ka gama haukan, ɗauko felu."

Ba zan iya jan sa da motata ba, in na matso ni ma zan zauna. Muka rage wa ƙafafun iska, muka tone gaban kowace ƙafa, muka tura tol, wato dogayen faranti na ƙarfe masu huji da ake shimfiɗa wa mota ta taka. Kiyari ya hau ya ba ta wuta, ta yi gaba tsawon tol ɗaya, ta sake zama. Tol kuma ya nutse, sai an tono shi, ga shi da zafi sai ka naɗe hannu da rawani kafin ka taɓa. A jawo shi gaba, a sake tono, a sake turawa. Kowane karo ina kirgawa da ƙarfi don in ba shi haushi: "Ɗaya, Kiyari! Biyu, Kiyari!" Wajen na goma sha biyar murya ta ƙare, amma ban daina kirga ba. Sai a na ashirin da bakwai ta kama ƙasa mai tauri. Ƙarfe biyu na rana ya yi, awa shida ke nan, tafin hannunmu duk ya yi bororo ya fashe.

Muka yi taimama muka yi azahar. Kiyari ya kama hannuna ya ce, "Illa, wannan ya tsaya nan. Ka riƙe mini." Na ce na riƙe. Maɓallina da nasa duk suna kan gado tun da safe. Muka ɗauki bik, kowa ya rubuta repo, takwas zuwa biyu. Da mun rubuta gaskiya, da dole mu yi hutu, kuma abin da ya rage mana a yinin awa ɗaya da rabi ne kawai. Ko shayi ba mu dafa ba, don Kiyari na son barin wurin kamar an kore shi. Ni dai kafin in tayar da inji na ciro ɗan littafina na rubuta yadda na saba: kafewa, hantsi zuwa azahar, tol sau ashirin da bakwai.

Wajen ƙarfe biyar, rana tarwai, fili shimfiɗe babu ko tudu, na ga motar Kiyari tana barin sawu a hankali tana yin dama. Na danna oda, na sake dannawa. Ba ta dawo ba. Ta hau wani tarin duwatsu da ƙafar dama, ta karkata, ta kwanta a gefenta, gishiri da dabino suka watse. Ban san yadda na iso wurin ba. Na jawo shi ta taga, kafaɗarsa ta goce amma da ransa. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Barci ne, Illa. Ban san sanda ya zo ba."

Bayan kwana huɗu muka iso Agadas da taimakon motar da aka aiko, aka kai shi gidan likita aka gyara kafaɗar. Madam Hamsatu ta karɓi faifai da karne. A takarda, mutum ya huta awa shida cur, ya yi tuƙin awa uku, ya yi barci da rana tsaka. A ƙa'idar kamfani wannan abu biyu ne, ko ƙwaya yake sha ta sake shi, ko yana da ciwon da ya ɓoye. Ko wanne ne sallama ce, kuma a rubuta a takardarsa, duk inda ya je neman aiki a gani. Kafin mako ya zagayo, a tasha an fara raɗa cewa ashe carbin Kiyari na rufin asiri ne. Mutum mai ƴaƴa shida, wanda ko goro ba ya ci.

Na same shi a gida na ce, "Kiyari, mu tahi mu hwaɗi gaskiya." Ya ce, "In ce na kafe? A bakin Tenere, da girmana? Gara su kore ni." Na ce, "Ɗan ƙwaya fa ake ce maka!" Ya ce, "Wannan ƙarya ce, za ta wuce. Waccan gaskiya ce, ba ta wucewa. Ka yi mini alkawari, Illa." Raina ya ɓaci ƙwarai, na tashi ko sallama ban yi ba. Na san in na buɗe baki na karya alkawari, kuma na tona kaina, don karnena ma repo ya ce. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba, shekarar ba ta wasa ba ce.

Ranar da za a sa hannu a takardar sallamarsa na shiga biro da hantsi. Kiyari na zaune da hannu a rataye, kansa a ƙasa. Madam ta ce, "Bagobiri, yau ba ranar wasa ba ce, fita." Na ce, "Yau kam baiwata ke ce za ki saurara. Ƙarya munka rubuta, ni da shi." Kiyari ya ɗago ya dube ni, na kau da kai. Na ajiye ɗan littafina a teburinta. Ta juya shi sama da ƙasa ta ce, "C'est quoi ça? Ni ban iya wannan rubutu ba." Na karanta mata. Ta ce, "Kowa na iya rubuta wannan jiya." Na ce, "To ɗauko gilashinki ki dubi faifan Kiyari, tsakanin takwas da biyu. Mai barci ba ya motsa mota."

Ta ɗauko. A inda layin ya kamata ya kwanta sumul, akwai wasu ƴan ƙananan tsage-tsage, kamar sawun ƙwaro. Ta ce ta gan su tun farko, ta ɗauka allurar ce ke rawa. Na ce ta kirga. Ta fara da bakin bik, "Un, deux, trois." Da ta wuce ashirin na miƙe tsaye ban sani ba. "Vingt-six. Vingt-sept." Ashirin da bakwai cif, daidai da abin da ke ɗan littafina. Na buga tebur na ce, "Allahu akbar! Ɗan tsegumi ya yi rana!" Ta ce wa Kiyari, "Baba, buɗe hannunka." Ya buɗe mai lafiyar, ta ga tabon bororo. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Dukanku haka kuke yi?" Na ce, "Tun kahin ki gama lakkol."

Ta yaga takardar sallama. Ni da Kiyari aka dakatar da mu wata guda saboda ƙaryar karne, kuma ta ce mu gode Allah. Ta tara matuƙa duka a garaji ta ce daga yau wanda ya kafe ya juya kan guduma ya rubuta, babu mai tuhumar sa, amma wanda ta kama da repo na ƙarya ya tattara nasa ya tafi. Maganar ƙwaya ta mutu a ranar. Washegari kuwa felu bakwai aka jingine wa Kiyari a tasha, ɗaya har da ɗan kwali aka ɗaura masa.

Kiyari ya daina yi mini magana. In na yi sallama ya amsa, don wannan farilla ce, daga nan ba ƙari. Muka koma aiki, ayari ɗaya, kowa na dafa shayinsa a inuwar motarsa. Wata huɗu muna haka. Abin ya dame ni matuƙa, don na yi kewar abokina, amma ko sau ɗaya ban yi nadama ba, ina ganin yaransa na wucewa lakkol da safe.

Na'urarku ta yau ta fi mushar wayo, na yarda. Tana gaya wa biro inda kuke ko kuna tsakiyar Tenere. Amma har yanzu mota take gani, ba ta ganin abin da ke hannunku in kun sauka. Wannan sai kai ka faɗa, a ranar da faɗin zai sa a yi maka dariya, ya kuma sa ka kwana a hanya. Wuyar ke nan da nake gaya muku.

A wata na biyar aka sake tura mu Fashi. Wannan karon ni ne a gaba, ina ji da kaina, sai kawai na ji bayan motata ya sauka. Ta yi gurnani ta zauna, ba nisa da inda tasa ta zauna. Na kifa kai a kan bolan na ce yau na shiga uku. Ta madubi na hango Kiyari ya tsaya can nesa, ya sauko a natse, ya ɗauko felu guda biyu cikin bakwai ɗin nan, don ashe yawo yake da su. Ya iso, ya buɗe ƙofata, ya miƙa hannu ta gabana ya juya maɓallin daga gado zuwa guduma. Ya zaro bik daga aljihuna ya danƙa mini.

Ya ce, "Rubuta, Bagobiri. Da manyan baƙaƙe, yadda Bazabarma za ta gani ba gilashi." Ya miƙo mini felun mai ɗan kwali, ya ja tol ya tura ƙarƙashin ƙafar farko, ya ɗaga murya yadda duk Tenere za ta ji: "Ɗaya, Illa!"